Kabtin Bai Bar Kowa a Baya Ba, Sai Ni

Yau shekara shida ke nan da rasuwar mahaifina, wanda mutanen unguwar Zahir da ke Makka suka fi sani da Kabtin. Na so in rubuta wannan da sanyin zuciya, yadda ake yi wa mamata, amma kwana tara kacal ke nan da aka sako ni daga tsare. In magana ta yi ɗaci, a yi mini afuwa.

Baba ya fara buga ƙwallo a Zariya ba takalmi. Ya shiga soja, ya tsare wa bataliyarsu baya a filin wasa, ya kai muƙamin kyaftin kafin gwiwa ta zaunar da shi. Daga nan wani mai kulob ɗin unguwa ya kawo shi Makka don horar da matasa, ya zama kafilinsa, wato da sunan mutumin aka ba shi igama, takardar zama. A nan aka haife ni, a nan mahaifiyata ta rasu, a nan na gama sakandare, duk a jingine da igamar Baba.

Yana da doka guda da ya taho da ita daga bariki. In ya busa usur aka fita gudu, wanda ya riga kowa isowa ba ya zama. Sai ya juya ya koma ya tarbo na ƙarshe, su shigo tare. Na ƙarshen nan kullum Habibu ne, wani mai ƙiba da suke kira Tanka, na farko kuma Mansur, gwanin da Baba yake ji da shi. Mansur ya yi ta ƙunƙuni, Baba ya ce, "Koma ka ɗauko ɗan'uwanka, ya walad, kai yaro. Soja ba ya barin mutum a baya."

Baba ne ya bi ofis ofis yana gyara wa 'yan wasansa takardu har suka shiga manyan kulob. Da ciwo ya kwantar da shi, Gwaggo Asabe, ƙanwarsa, ta ce, "Yaya, igamar 'yarka Hindatu fa? In ka faɗi, ita ma ta faɗi." Ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Ke Asabe, da 'ya'ya cike da garin nan? Mansur ya riga ya ce zai zama kafilinta." Bai sa an rubuta ba. A wurinsa neman sa hannu daga ɗan wasansa zagi ne.

Inuwar giginya, na nesa ka sha. Ban taɓa gane karin maganar nan ba sai da na zauna a gindinta.

Shekara shida ina kiran Mansur, wanda yanzu babban mutum ne a Jidda. Amsarsa ba ta canza ba: "Allah ya ji ƙan Kabtin! Bukra inshallah, ƙanwata." Goben nan ba ta zo ba. Na koyi tafiya a gefen bango, na koyi sauka daga mota tun kafin shingen 'yan sanda. Ranar da aka kama ni kuwa, bayan Azahar ne, ina dawowa daga shagon ɗinkin abaya a unguwar Kudai, ana ta binciken takardu na gabanin Hajji. Jami'ar da ta karɓi wayata a wurin tsare ba ta zage ni ba, ba ta ko ɗaga murya ba. Ta tambaye ni ƙasata, na ce Zahir. Ta ɗago kai ta ce, "Ƙasa na ce." Har yanzu in ƙofa ta rufu da ƙarfi, sai na waiwaya.

Da aka ba ni damar kira, na kira Mansur sau uku, bai ɗauka ba. Gwaggo ce ta tuna da Tanka, wanda yake tuƙa bas ɗin alhazai. Ya zo da rigar aiki, yana haki kamar dā, ya tsaya mini aka sake ni bisa sharaɗin in bar ƙasar da kaina, kada in dawo. Iyakar ƙarfinsa ke nan, shi ma a kan igama yake. A bakin ƙofa ya ce, "Yi haƙuri, 'yar Kabtin. Kin san ni, kullum a makare nake isowa." Na yi dariya, sannan na fashe da kuka.

Ina tambayar kaina me Baba zai ce da ya ga yau. Filin da ya share da hannunsa ya zama wurin ajiye motocin otal. Duk shekara tsofaffin 'yan wasansa suna haɗuwa su buga wasa don tunawa da shi, Mansur ya miƙa kofi, a ɗauki hoto, a yi Fatiha. Wataƙila ya ji daɗi. Wataƙila kuma ya busa usur ya ce a ƙirga, a ga wa ya rage a hanya. An ce alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Na yarda. Amma na Baba a kan mutum ɗaya ya manne, wanda bai taɓa sa shi a wasa ba.

Ban ce mugun uba ba ne. Ya koya mini karatu, ya yi mini kitso da hannun soja lokacin da babu mai yi. Laifinsa ɗaya, ya ɗauka kowa irinsa ne, ni kuma aka bar wa biyan kuɗin wannan zato.

Ranar Talata zan tashi zuwa Kano, daga nan Zariya, garin da ban taɓa gani ba sai a bakinsa. Tanka zai kai ni filin jirgi. Usur ɗin yana cikin jakata. Kabarinsa ba shi da suna, kamar na kowa a nan, ni kuma mace ce, ban bi gawa ba, ban san ko wane layi yake ba, balle in tsaya in yi sallama.

Allah ya ji ƙanka, Baba. Kai ka ce ba a barin mutum a baya. Ga shi ni zan bar ka, kuma ba za a bar ni in juyo ba.