Mai Gyaran Kwamfutar Asibiti

Ƙato ne, wuyan rigarsa sharkaf da gumi. Kwamfutar da ke ajiye hotunan ƙirjin marasa lafiya ta mutu a wani ginin, ita kuwa ta gabansa, mai ɗauko su daga can, ta sandare tana jiranta. Duk abin da ya danna, shiru. Ga Inna a gefena tana tari, likita na jiran hotonta.

"Waccan ta mutu, ke kin zauna yi mata takaba? Sake ta, don ubanki!" ya daka wa kwamfutar gabansa tsawa.

Yana naushin tebur har kofi ya tarwatse, yana fizgar waya da hannu duk jini. Nas ta lallaɓa ta manne da bango. Ina jin haka 'ya'yansa ke yi in sun ji takunsa.