Na Je Abuja Don In Rufe Shagon Safiya

Zariya zuwa Jere

Ƙarfe biyar saura kwata na ranar Talata na fito daga gida a Tudun Wada, na ce sallar asuba a tasha zan yi ta. Maiɗakina Hajiya Rabi ta rako ni har zaure tana cewa, "Malam, a bi ta a hankali." Na ce mata ba yawon buɗe ido za ni ba.

Ga abin da ya tashe ni. Shekara talatin da ɗaya ina sayar da shayi a bakin tashar Kwangila, kuma da wannan tebur na yi wa 'yata Safiya karatu har ta zama lauya. Kwatsam sai ga labari wai ta ajiye aikin ofis a Abuja ta buɗe shagon ganyen shayi. Ni na sha hayaƙi don kada ta sha, ita kuma ta kewayo ta faɗa inda na fito. Raina ya ɓaci ƙwarai. A waya ta ce mini, "Baba, ka zo ka gani da idonka. In ka gani ka ce in rufe, wallahi ranar zan rufe." Na san halinta, rufewar za ta yi.

Motarmu ƙarama ce mai cin mutum shida, kowa naira dubu biyu. Direban, Sale, ya daɗe yana shan shayina.

"Baba mai shayi, Abuja aka nufa? Ko minista ne ya aiko a haɗa masa mai kauri?"

"Ja mota, Sale."

Mun tashi shida da minti goma, bakwai da rabi muna Kaduna. Shinge uku muka wuce, a na ƙarshe jami'an tsaro suka leƙa but ɗin motar suka sallame mu. A Jere muka tsaya karin kumallo. Na sayi shayi a wani tebur, na kurɓa sau ɗaya na ajiye. Ruwan zafi ne aka nuna wa ganye daga nesa.

Bwari

Daga Jere Sale ya yanke ta hanyar Bwari, wai ta fi sauƙin cunkoso. Gonakin doya hagu da dama, mata ɗauke da itace a kafaɗa. Goma da kwata muka wuce ƙofar makarantar horar da lauyoyi. Rabona da wurin tun ranar da na kawo Safiya da akwatinta, na ja ta gefe na ce in an tambaye ta sana'ar ubanta ta ce ɗan kasuwa ne kawai. Na kawar da kai har muka wuce.

A Dutsen Alhaji na sauka na canza mota, daga mahaɗar Mpape kuma na hau babur.

Mpape

Garin a jikin dutse yake, hawa ba sauka, manyan motocin tsakuwa suna ta sintiri. Sha biyu saura minti ashirin na isa. Shagon bai fi ɗakin kwanana girma ba, amma tun daga bakin ƙofa ƙamshi ya tare ni. Kwalabe ne jere a kan kanta har sama: baƙin ganye daga Mambila, wani da citta da kanumfari, wani da zoɓo da ɓawon lemo, wani da na'ana'a, wani da kirfa. Babu na 'yar jaka ko ɗaya, duk a sikeli ake aunawa.

Safiya ta durƙusa ta gaishe ni. Na amsa a daƙile. Ta ɗora ruwa, kafin ya tafasa ta sauke, ta zuba a kan ganye mai zoɓo ta rufe tana duba agogo. Ba madara, ba sukari. Na ce a raina, shayin masu ciwo ke nan. Na kurɓi na zoɓon. Na sake kurɓa. Kofin dai bai koma da saura ba.

Ana haka wata mata ta shigo da katin aiki rataye a wuya. Madam Ladi ake ce mata, 'yar Filato ce, a wata ma'aikata take aiki, kuma ita ke saya wa ofishinsu. Ta ajiye ƙunshi a kan kanta.

"Safiya, wannan sabon na kimba ɗin, sori fa. Oga na ta ce yana da ɗaci a baya-baya. Duk ofis ba wanda ya gama kofi ɗaya."

Safiya ta ce sau uku tana rage kimbar amma ɗacin ya ƙi fita. Ta saci kallona, na ga idonta ya kawo ruwa. A ganinta magana ta ƙare, tunda a gabana aka dawo da kaya.

Ni kuwa ban san lokacin da hannuna ya shiga ƙunshin ba. Na murza a tafi, na shinshina, na ɗanɗana.

"Ke, da 'ya'yanta kika daka kimbar nan?"

"Eh, Baba."

"To ai ko guda ɗaya kika sa sai ta yi ɗaci. Tsaga ta ake yi a zubar da 'ya'yan, ɓawon ake so. Miƙo mini wuƙa."

Na naɗe hannun riga na zauna a benci. Na tsaga, na ɗan gasa ɓawon a kasko, Safiya ta haɗa da sabon ganye ta jiƙa. Madam Ladi ta kurɓa, ta lumshe ido, ta ce a auna mata kilo biyu.

"Wannan baba ɗin waye ne?"

"Mahaifina ne. Mai shayi ne a tashar Zariya, a gindin teburinsa na koyi komai."

Ko rage murya ba ta yi ba. Na sunkuyar da kai ina tsagar kimba, daɗi ya cika mini ciki, kunya kuma tana cina.

Har la'asar mutane na shigowa, har da wani alhaji da ya aiko direbansa daga Maitama. Kowa Safiya ta san abin da yake sha. Muka ci tuwon shinkafa da miyar taushe a wajen wata maƙwabciyarta, na kwana a ɗakin baƙi na limamin unguwar.

Komawa

Da safe ta tsaya a gabana riƙe da makullin shago.

"Baba, me ka yanke?"

"Buɗe mana, so kike masu saye su tarar da ƙofa a rufe? Auna mini rabin kilo na kimba, da na zoɓo in kai wa uwarki."

Ta ce ba za ta karɓi kuɗina ba. Na ce a sana'ar nan ba a buɗe kasuwa da kyauta. Ta karɓa da hannu biyu tana dariya tana share hawaye.

Takwas da rabi na bar Mpape, biyu da kwata ina Tudun Wada. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya, na gode wa liman da ya ba ni masauki, da Sale da ya sake ɗauko ni bai kuma tsokane ni ba.

Bayan la'asar na fitar da buta zuwa majalisarmu ta ƙofar gida, na zuba wa kowa. Malam Tanko tela ya shanye nasa ya miƙo kofi a ƙara, sannan ya ce, "Ya ka baro Barista? Tana can kotu?"

Na ce, "Tana Mpape, shayi take sayarwa. Nata ne kake sha."