Hasken da Ya Raba Ni da Goyona

Wata Asabar ce a watan Agusta na 1986, bayan azahar, ruwa ya ɗauke amma kwatocin unguwarmu Tunga a Minna ba su daina gudu ba. Mu yaran layinmu mun cika falon Baba Yohanna, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, wanda shi kaɗai ke da bidiyo a unguwar. Silifas ɗinmu sun yi tsibi a bakin ƙofa, ɗakin yana warin jiƙaƙƙun kaya da dafaffiyar gyaɗa. Shekarata tara, ƙanena Isuhu ɗan wata goma yana goye a bayana yana tsotsar bakin ɗankwalina. Fim ɗin baƙi da fari ne, kaset ɗin ya sha jiki har hoton yana rawa. Wani Bature mai farar riga ya shiga ɗaki cike da na'urori, wani haske ya buge shi, daga nan fatarsa ta fara saɓulewa, yatsunsa suka yi ta tsawo, har ya koma wani abu kamar damo a tsaye. Da ɗansa ya rugo da gudu ya tarye shi, da hannun da ya saba ɗaukarsa ya murƙushe shi. Ba mai jin Turancin sai Bulus, ɗan Baba Yohanna da ke sakandare, shi yake yi mana fassara. Aka tambaye shi wane irin haske ne wannan, ya ce, "Irin na asibiti ne mana, mai ganin ƙashin mutum. In ya shiga jini, shi ke nan."

Yara suka yi ta ihun daɗi, ni kuwa hankalina ya koma asibiti. Kwana goma kafin nan, saboda wani tari da ya ƙi jin magani, Babanmu ya kai ni asibiti an ɗauki hoton ƙirjina. Na tuna sanyin ƙarfen da aka jingina ni da shi, na tuna mai ɗaukar hoton ya ce in riƙe numfashi, sannan ya yi sauri ya laɓe bayan wani bango. In ba abin tsoro ba ne, me ya sa ya ɓuya? Kafin fim ya ƙare na sulale na koma gida, na kwance Isuhu na ajiye shi a tabarmar Inna, na ce bayana ke ciwo.

Kafin wannan rana ni da Isuhu ba ma rabuwa. Da shi nake zuwa famfo, da shi nake kai niƙa, ko gaɗa muke yi a ƙofar gida yana baya yana ƙyalƙyala dariya duk sanda na faɗa hannun 'yan mata suka cafe ni. Amma daga ranar na yanke wa kaina hukunci: ba zan ƙara taɓa shi ba. Ban gaya wa kowa ba, don a fim ɗin da mutane suka gane halin da Baturen yake ciki, da bindigogi suka bi shi. Na daina sa hannu a kwano ɗaya da 'yan'uwana, sai in gutsuri tuwona in koma bayan turmi. Da aka koma makaranta, lokacin tara ina zaune a gindin dalbejiya ina kallon ƙawata Rifkatu tana carafke da wasu. Ta gaji da kirana ta ƙyale ni. Shara da wanke-wanke da surfe duk ina yi, har fiye da da, amma da Isuhu ya rarrafo ya kama zanena sai in zame in bar shi yana kuka. Inna ta yi faɗa, ta yi lallashi, ta kai ga tsumagiya. "Yarinyar nan baƙin hali ya shige ta," in ji ta. Daga ƙarshe ta miƙa goyon ga Talatu, 'yar masu haya a gidanmu.

Baba tela ne, kekensa a zaure yake. Kullum da safe in ya fita sayen zare, nakan ɗauki tef ɗinsa in shiga bayan ɗaki inda Inna ta shuka kuɓewa da 'yar masara, in auna yatsuna ɗaya bayan ɗaya, in zana tsawonsu da gawayi a jikin katanga. Da makero ya fito mini a wuya, fatar wurin tana ɓarewa, na ce to, an fara. A nan cikin masarar nake wata rana da hantsi na ji tsakar gida ta kaure da shewa. Na leƙa ta tsakanin ganye, sai ga Isuhu a tsaye, ya ɗaga ƙafa ɗaya, ya ɗaga ta biyu, ya tafi tangal-tangal ya faɗa hannun Talatu. Kowa yana tafi. Na cusa bakin zanena a baki don kada a ji kukana.

Wajen mako shida ina cikin wannan hali kafin Baba ya dawo da wuri wata rana ya same ni da tef a hannu. Ya dubi zanen gawayin, ya dube ni, ya tsuguna ya ce, "Uwata, me kike aunawa?" Sunan mahaifiyarsa gare ni, haka yake kirana. Na fashe da kuka na kwashe komai na gaya masa. Har gobe ina gode masa da bai yi dariya ba. Ya rufe zaure, ya ɗora ni a bayan kekensa na hawa muka nufi asibiti. Mai ɗaukar hoton wani dattijo ne mai irin Hausar nan ta Minna da ba ta raba mace da namiji. Ya saurare ni tsaf, sannan ya juya mini baya ya ce, "Yarinya, tun ba a haife ka ba ina aikin nan. Duba da kyau, ka ga wutsiya?" Ya ce hasken kamar rana ne, mai wucewa ba ta yi masa komai, mai wuni a cikinta shi ke neman inuwa, shi ya sa yake laɓewa. Ya ɗaga wani hoton ƙirji a taga ya nuna mini haƙarƙari a jere, ya ce nawa ma haka yake, lafiya lau.

Da muka iso gida, tun keke bai gama tsayawa ba na dire, na ruga tsakar gida na miƙa wa Isuhu hannu biyu. Ya tsaya ya dube ni kamar baƙuwa, sannan ya juya ya tusa fuska a zanen Talatu. Na bi shi da ƙuli-ƙuli, na bi shi da waƙoƙin da nake yi masa a hanyar famfo, bai yarda ba. Sai da aka ɗauki watanni kafin ya sake sakin jiki da ni, kuma a lokacin ya riga ya san daɗin ƙafarsa, ba ya son baya. Ban ƙara goya shi ba.

Yanzu 'ya'yana a waya suke kallon irin finafinan nan, kowa shi kaɗai a kusurwarsa, suna dariya suna nuna mini inda ɗinkin rigar robar dodon ya fito fili. In suna da tambaya, a nan take wayar ke ba su amsa, ba mai kwana da tsoro mako shida. Falon Baba Yohanna ya zama shagon caji, masarar Inna an yi ɗaki a wurin. Isuhu yana can wani gari mai nisa da iyalinsa, sai da Sallah yake kira, mu gaisa, ya ce, "Yaya, sai an kwana biyu." Bai san wannan labari ba, ni ma ban san ta inda zan fara ba. Ban taɓa son sa kamar a makonnin da na guje shi ba.