Muryar Goggo a Wayar Kowa

Da littattafan soyayya na girma, irin waɗanda muke haya a bakin kasuwa mu ɓoye a ƙarƙashin filo. Don haka ranar da wani malamina na jami'a ya ce za su yi bincike tare da wata jami'ar ƙasar waje kan yadda tsofaffin matan birni suka yi zaman aure, sai na ji kamar don ni aka tsara aikin. Ni ce mai shiga cikin gidaje da na'urar ɗaukar hoto da murya a jakata, tunda shi namiji ne, iyakarsa zaure. Baturiyar da ke jagorantar aikin kuwa a allon kwamfuta kawai muke ganinta.

Da gidan Goggona na fara, yayar mahaifina, a Soron Ɗinki. Mace ce mai tsananin kunya. Tun da na yi wayo ban taɓa jin ta ambaci sunan mijinta ba, Alhaji kawai take cewa. Jikan da aka sa wa sunansa ma Abba take kiransa.

"Ke 'yar nan, wa zai ji wannan abin?" ta tambaye ni.

"Masana ne kawai, Goggo, can ƙetaren teku. Za a rufe fuskarki, a cire sunanki."

Haka aka gaya min, haka na gaya mata. Ta daɗe tana kallon na'urar, sannan ta fara. Ta ce a shekarun amarcinsu da keke Alhaji yake dawowa daga wajen ɗinki, kuma a cikin kekunan da ke shigowa ta Ƙofar Ɗan Agundi su biyo lungunmu, ƙararrawar nasa daban take a kunnenta. Da ta ji ta sai ta jefa turare a kasko. Har waƙar daka ta yi masa. Na roƙe ta ta rera, ta rufe baki da mayafi tana dariya, ta rera. A tsakiyar waƙar ta kira sunansa. Na yi hawaye. Duk littattafan da na karanta babu wanda ya kai wannan.

A taronmu na gaba na ce a sauya muryar. Na bayyana musu cewa a unguwarmu ba da fuska ake gane matar aure ba. Maƙwabtan da suka tsufa tare da Alhaji ba su san fuskar Goggo ba, amma duk sun san muryarta ta saman katanga. Baturiyar ta yi murmushi, ta ce ƙa'idar kwamitinsu fuska da suna ta ambata, masu nazarin harshe suna bukatar muryar yadda take, kuma masu ɗaukar nauyin aikin sun wajabta a ajiye komai inda kowa zai iya samu. Wannan sharaɗi na ƙarshe, sai ranar na fara jin sa. Na ce to a cire Goggo gaba ɗaya. Malam ya harare ni.

"Malama, ba ke za ki koya musu aikinsu ba. Wa zai je can ya nemo tsohuwa?"

Wani ɗalibi ne ya nemo ta. A wajen taron suna a Gwale na ji muryar Goggo tana fitowa daga wayar wata yarinya, an yanko waƙar, an sa mata kiɗa. Sunanta masu binciken sun cire, na Alhaji sun bar shi, wai shi ba ya cikin waɗanda aka yi hira da su. A majalisarsu ta ƙofar masallaci abokansa suka samu abin yi.

"Ango ɗan keke, kaɗa mana ƙararrawar mana."

"Ashe turare ake sa maka, mu muna nan da hayaƙin murhu."

Na koma gida, na buɗe kwamfuta don in goge hirar. Ta ƙi karɓar lambar sirrina. Da na tambaya aka ce aikina ya ƙare, kuma taɓa wani abu a rumbun ajiyar hirarrakin daga ƙasarmu sai da izini na musamman, saboda tsaron bayanai. Tsaro daga wa? Duniya tana sauke muryar Goggona kyauta, ni da na ɗauki amanarta ni aka kulle wa ƙofa. Malam ya ce in yi haƙuri kada in ɓata musu alaƙa, kwamiti zai zauna. Ya zauna ɗin. Suka cire hirar bayan ta gama shiga kowace waya, suka kuma gode min da na ja hankalinsu.

Goggo ba ta yi min faɗa ba, kuma da ma ta yi. Da na je na same ta tana tsince shinkafa, ta tambaye ni ko na ci abinci. Amma ta daina ɗaga murya a tsakar gida. In tana kiran jikokinta, bayan kwano take ƙwanƙwasawa.

Har yau ina zuwa gaishe ta. In na yi sallama, ba fuskata take fara kallo ba.

"'Yar nan," take cewa a hankali, "bar jakarki a zaure."