Sharar Kasuwar Shanu

Kun ce in ba ku labari ɗaya daga shekarun da na yi a sashen kula da makiyaya kafin in ajiye aiki. To, ranar da har yau ba ta fita daga raina ba ita ce ranar da na cika motar gwamnati da shara a kasuwar shanu ta Gamboru a Maiduguri, shugabana kuma ya zo ya same ni a kai.

A shekarun tamanin ne, bayan babban farin nan da ya karkashe dabbobin mutane. Ina ƙaramin jami'i a lokacin, ina zaune a unguwar Moduganari da matata da 'yarmu ta fari. Ni mutumin Biu ne, Kanurin da na iya bai wuce gaisuwa ba. Shugaban sashenmu Alhaji Bukar ne, mutum mai tsari ƙwarai. Duk abin da ba a rubuce yake a takarda ba, a wurinsa bai faru ba.

An ba ni wani fili a arewa da gari, tafiyar kamar awa biyu a mota. Da can makiyaya ce mai kyau, amma fari da yawan takun shanu sun mai da ita fako. Ga waɗanda ba su sani ba, fako ƙasa ce da ta daskare kamar daɓen ɗaki. Ruwa in ya sauka a kanta gudu yake yi, ko tsinke ba ya tsirowa. Aikinmu shi ne maza su haƙa ramuka masu siffar rabin da'ira, bakinsu na kallon inda ruwa ke gangarowa, don su tare shi. Dab da damina kuma mata su bi su watsa irin ciyawa a ciki.

Ba ɗan kwangila aka ba aikin ba. Mutanen ƙauyen ne ke yi, ana biyan su ladan yini. Mai garin, Bulama Modu, shi ke zaɓo ma'aikata gida gida don kada wani gida ya tashi a banza. Shi ne kuma ya zauna da Fulani da Shuwa masu shanu, suka yi alkawarin ba za su shigar da dabba filin ba sai ciyawa ta zubar da iri. Albarkacin wannan aikin, magidanta da yawa ba su tafi cin rani ba a shekarar.

Ina kewar safiyoyin nan. Kafin rana ta yi zafi za ka ji ƙarar diga ta ko'ina, wani na waƙa da Kanuri, sauran suna amsawa. In an tashi shan ruwa sai a zauna ƙarƙashin aduwa ɗaya tilo da ta rage a filin, a yi ta yi mini dariya don na kasa faɗin sunayensu daidai. Su ma ba su wahalar da kansu da sunana Bitrus ba, Malam Ciyawa suke ce mini.

A watan Mayu iri ya iso daga ofis, buhuna masu tambari, an ce daga ƙasar waje aka sayo shi. Na tara matan don in nuna musu yadda za a watsa. Shugabarsu wata dattijuwa ce, Ya Falmata, mijinta ya rasu, farin kuma ya bar ta da awaki biyu cikin garken da take da shi. Ta sa hannu a buhu, ta ɗebo, ta shinshina, ta jefa 'yan ƙwayoyi a baki ta tauna. Sai ta tofar.

“Ɗana, wannan iri ya mutu,” in ji ta da Hausa.

Na ce, “Ya Falmata, daga nesa aka kawo shi, masana ne suka zaɓa.”

“Ban ce ba su iya zaɓe ba. Na ce ya mutu. Ya sha zafi a inda aka ajiye shi.”

Raina ya ɗan sosu, amma na tuna abin da aka koya mana a makaranta. Na ɗebi tafi guda daga kowane buhu, na naɗe a jiƙaƙƙen buhun algarara, na ajiye a inuwa ina yayyafa masa ruwa. Kwana goma na yi ina dubawa. Ko ƙwaya ɗaya ba ta fasa ba.

Na rubuta wa ofis. Amsa ta zo cewa babu halin sayen wani iri sai shekara mai zuwa, in shuka wanda aka ba ni. Na san abin da hakan ke nufi. Ramuka za su cika da ruwa su bushe ba komai a ciki, masu shanu za su ce an hana su fili a banza, kuma ba wanda zai sake yarda da maganar Bulama in ya kawo musu aikin gwamnati. Gajimare kuwa har ya fara haɗuwa a gabas.

Na je na sami Ya Falmata a ƙofar gidanta, na durƙusa na gaishe ta, na faɗa mata gaskiyarta ce. Ba ta yi mini gori ba. Tambayata ta yi, “Ciyawar da shanun Gamboru ke ci, daga ina take zuwa?”

Na ce daga dazuzzukan kudu ake kawo ta, inda ruwa bai yanke ba.

“To, in an sauke dami, an ɗaga, an sake saukewa, me ke zubewa a ƙasa?”

Ba ta jira amsata ba. Ta ce tun tana yarinya ta lura, duk inda aka jibge busasshiyar ciyawa, nan ne ke fara yin kore in an yi ruwa. Irin yana nan a ƙarƙashin ƙafar masu sayar da ciyawa, gauraye da kashin shanu, ba mai so.

Motar da ke hannuna akori-kura ce ta sashe, kuma takardar tafiyarta ta ce tsakanin ofis da fili kawai. Matan kuma don shuka aka ɗauke su, ba don shara ba. Na san in na nemi izini a rubuce, kafin amsa ta fito ruwa ya sauka. Na gaya wa Bulama. Ya yi ɗan tunani ya ce, “Ka tafi da su. In an tambaya, ka ce da sanina.”

Ranar Talata da sassafe muka shigo Maiduguri da mata goma sha biyu, kowace da tsintsiya da kwando. Yawancinsu ba su taɓa ganin gari ba. Masu sayar da ciyawa suka tsaya suna kallonmu, wani ya tambaye ni ko gwamnati ta fara duba-gari a kasuwar shanu ne. Da Ya Falmata ta yi musu bayani da Kanuri, sai suka shiga janye damunansu da kansu don matan su share ƙarƙashi. Kafin azahar mota ta cika taf da ɓuntun ciyawa da busasshen kashin shanu.

Muna ɗaure tamfol ke nan sai ga motar Alhaji Bukar. Ashe ya zo duba shanun da za a yi wa allura ne. Ya sauko, ya zagaya motar sau ɗaya, ya dube ni. Ni kuwa na yi buɗu-buɗu tun daga gashi har takalmi.

“Bitrus, mene ne wannan?”

“Iri ne, ranka ya daɗe.”

“Irin da na sa hannu aka ba ka fa?”

“Na gwada shi, bai tsiro ba. Na rubuto.”

“Na kuma ba ka amsa.” Bai ɗaga murya ba, ba ya ɗagawa. “Gobe ka zo ka karɓi takardar tuhuma. Ka mai da matan mutane gida lafiya.”

Takardar tuhuma a wancan zamani ba wasa ba ce. Tana shiga fayil ɗinka, tana iya tsayar maka da ƙarin girma shekaru, in ta yi muni a sallame ka. Na karɓa, na ba da amsa cikin kwana biyu kamar yadda doka ta ce, na koma fili. Rabin ramukan muka zuba musu irin ofis, don kada a ce na ƙi bin umarni. Sauran rabin matan suka bi da kwanduna suna zuba shara tafi-tafi, suna rufewa da ƙafa.

Ruwa ya sauka a ƙarshen Yuni. Bayan mako biyu, ɓangaren shara ya fara yin kore a bakin kowane rami. Kafin Agusta ta ƙare kyasuwa ta kai mini ƙugu, ga gamba jefi-jefi, ga harkiya, ga ƙarangiya da ba mu gayyace ta ba. Ɗaya ɓangaren kuwa laka ce kawai. Shanu na wucewa ta burtali suna miƙa wuya, amma masu su suka riƙe alkawari. Wani dattijon Bafillace ma da kansa yake zagaya filin da sanda.

Alhaji Bukar ya zo duba aiki a watan Satumba. Ya shiga cikin ciyawar da babbar rigarsa, ya yi tafiya mai nisa shi kaɗai, ya dawo ƙarangiya ta manne masa har gwiwa. Ya tambayi wanda ya kawo wannan shawara. Na nuna masa Ya Falmata. Mutumin da ban taɓa ganin ya sunkuya wa kowa ba ya tsuguna a gabanta, ya gaishe ta, ya ce, “Wushe, Ya,” suka daɗe suna magana da Kanuri. Ban ji abin da suka ce ba, na dai ga tana dariya tana rufe baki da gyale. A hanyar komawa ya ce mini takardar tuhumar ba za ta fita daga fayil ba, don na karya doka, amma zai rubuta wata ya ɗora a kanta. Ya kuwa rubuta. Daga shekarar, tara irin gida ya shiga cikin ayyukan da sashe ke biyan mata a kai.

Abu ɗaya ke damuna har yanzu. A rahoton ƙarshen shekara na rubuta cewa “an samo iri daga cikin gida.” Ban sa sunanta ba. A ganina na lokacin, rahoton gwamnati ba wurin sunan tsohuwar ƙauye ba ne. Na yi niyyar gyarawa a rahoto na gaba, sai aka yi mini canjin wurin aiki. Da na koma ziyara bayan shekaru, na tarar da shanu suna kiwo a filin, Bulama kuma ya ce mini ta rasu.

Ku da kuke fara wannan aiki, za a ba ku mota da takarda da kayan aiki, kuma ku riƙe su da kyau, domin Alhaji Bukar bai yi kuskure ba da ya tsaya kan doka. Amma mutanen da za ku ɗauka aikin yini sun riga ku sanin ƙasar, a kanta suka binne iyayensu da dabbobinsu. Kafin ku nuna musu yadda ake yi, ku tambaye su yadda suka gani. In kuma shawarar wani ta fisshe ku, ku rubuta sunansa tun yana da rai.