Takardar Inshora da Sunan Ɗan Fari

Tun ranar da maigidan ya ce sai mun yanki inshora kafin mu hau motar Kaduna hankalina bai kwanta ba. Ƙanwarsa ce ta haihu a can, za mu je suna ni da surukata, wadda muke ce wa Inna, da yarona ɗan shekara ɗaya da wata biyu, wanda kowa ke kira Baffa. Abin da na kasa ganewa shi ne, ta yaya mutum da lafiyarsa garau zai biya kuɗin hatsarin da bai faru ba? A ganina kamar kiran abin ake yi. Sannan duk takardar da ake tara sunayen mutane a ciki ni ba na yarda da ita, don ban san hannun da za ta ƙare ba. Maigidan ya tuna mini yadda bara aka yi ta karo-karo a unguwa kafin a sallamo wani maƙwabcinmu daga asibiti bayan motarsu ta faɗi. Na ce to, amma ba wai na gamsu ba ne.

Mun tashi da asuba daga Yammedi a kan babura biyu, raɓa na jiƙa mana ƙafa. Dawa ta yi kai, gyaɗa kuwa an fara cira, ko'ina ka duba an kifa ta tana shan iska. A Ƙaraye Inna ta tsaya sayen busasshen kifi na tsaraba, sai da ta shinshina kashi huɗu kafin ta ɗauki ɗaya. Ni ƙosai na saya, uku ɗari biyu, kowanne bai fi idon saniya ba. Daga nan muka shiga ƙaramar mota zuwa Rogo, mu huɗu a baya, biyu a gaba ban da direba. Inda kwalta ta mutu na fi jin tsoro, domin direban ba ya rage gudu, sai dai ya kauce wa wannan rami ya faɗa wancan.

A tashar Rogo muka sami mai inshorar. Dattijo ne mai tabarau, da ɗan teburinsa da babban littafi a gindin darbejiya. Na ƙare masa kallo tun daga hula har takalmi. Takalminsa a goge yake tas, na ce a raina da kuɗin mutane ake goge shi.

Ya ce iri uku ce. Ta farko, in rai ya yi halinsa a hanya, a ba iyalan mutum wani abu. Ta biyu ta haɗa da kuɗin asibiti in an ji rauni. Ta uku har da kaya in sun ɓata. Ya fi zaƙewa a kan ta ukun, ni kuwa na dubi kayanmu: daddawa, kuka, gyaɗa kwano biyu, sai kifin Inna. Wa zai biya kuɗi don daddawa? Ta farkon kuma ko jinta ba na son yi. Asibiti nake tsoro, don haka na ce ta biyu. Kuɗinta bai kai na kwanon shinkafa da wake biyu ba, kuma arahar ma sai ta ƙara mini zargi.

Na tambaye shi in zazzaɓi ya kama yaro a hanya fa? Ya ce babu wannan, sai abin da mota ta jawo. In aka tare hanya fa? Ya rage murya ya ce shi ma babu, Allah dai ya tsare. To, na ɗan ji daɗi da bai ce komai da komai akwai ba.

Na miƙa masa 'yar takardar da maigidan ya rubuto sunana da na Inna da lambarsa. Ya kwafe, ya yago mana rasit biyu. Na ce saura yaron. Direban Kaduna da ke tsaye ya yi dariya ya ce, "Uwar goyo, ai goyo ba ya biyan kuɗin mota." Na ce na sani, amma in mota ta faɗi ba ta tsallake goyo. Dattijon ya gyaɗa kai ya ce gaskiya ne, wanda babu sunansa a littafi babu ruwansu da shi. Ya ɗauki biro ya ce, "Sunan yaro?"

Na ce, "Baffa."

Ya rubuta, ya yago masa nasa rasit ɗin. Ban ga laifina ba a lokacin. Ɗan farina ne, kuma sunan mahaifin maigidan aka sa masa, kun ga kunya biyu ke nan. Tun ranar suna bakina bai taɓa furta sunansa na yanka ba.

Mun bar Rogo hantsi ya fara ɗagawa, muka nausa hanyar Zariya. Gonakin rake ne dama da hagu, masu sayarwa na ɗaga shi ga kowace mota. Kusa da ni wata malamar asibiti ce, da farin takalmi a cikin leda a kan cinyarta. Ba mu yi awa ɗaya ba sai ga shanu sun faso titi daga cikin dawa. Direba ya take birki, mota ta yi gefe, ta tafi kamar za ta kwanta, sannan ta dawo ta tsaya. Salati ya kaure. Kan Baffa ya bugi ƙarfen kujerar gaba, ya tsandara ihu. Malamar ta karɓe shi ta dudduba, ta ce ƙulu ne kawai, babu komai. Na karɓe shi na rungume.

Da muka ci gaba na zaro rasit ɗin yaron daga bakin zani na ce ta karanta mini, don ni a aji biyar na tsaya, Turanci ba ya shiga kaina. Ta karanta, ta dube ni. "Baffa ne sunan da ke katinsa na riga-kafi?" Na ce a'a. Ta ce to a wurin masu inshora babu wani Baffa. In da yau an kwantar da shi, asibiti sunan kati za su rubuta, kamfani kuma ya ce ba wannan yaron ya karɓi kuɗinsa ba. Katin kuwa yana gida a ƙarƙashin katifa. Na kira maigidan, wayar ba ta shiga, yana gona inda babu sabis. Ga Kaduna da sauran nisa, ga tireloli sun fara yawa.

Malamar ta kira lambar da ke jikin rasit, dattijon ya ɗauka. Ta juyo ta ce, "Mene ne sunan?" Na sunkuyar da kai na nuna Inna. Inna ta ja mayafi ta ce, "Ni? Sunan Malam ne fa. Shekara arba'in muna tare ban faɗa ba, sai yau a cikin mota?" Mota ta ɗauki dariya. Wani mutum a baya ya ce, "To Iya, ba mu alama mana." Sai Inna ta ɗaga ƙullin kifinta ta ce, "Mai sunan Annabin da ya zauna a cikin wannan."

Kusan mutum goma suka haɗa baki, "Yunusa!"

Na ɗauka an gama. Sai dattijon ya ce shi ba zai sake sunan yaro da bakin fasinjoji ba, a ba shi uwar. Malamar ta ɗora mini waya a kunne. Ya ce, "Baiwar Allah, ke kika ba ni na farko. Faɗi na gaskiya." Na dubi ƙulun da ke goshin yarona, ya yi ja ya tasa. Na rufe ido na ce, "Yunusa."

Har muka wuce Zariya ban iya kallon Inna ba. Can ta ɓantaro kifi ta miƙo mini ta ce, "Ci. Ni iskar tagar nan ta hana ni jin komai."

An yi suna lafiya, mai jego ta ji daɗin daddawar. Kwana uku muka yi. A tashar Kaduna na gano rasit ɗinmu na zuwa ne kaɗai, na dawowa sai an yanki sabo, abin da dattijon bai faɗa mini ba, ni ma ban tambaya ba. Wannan karon mijin mai jego ya rubuto mini sunan a takarda, na miƙa kawai.

Da muka iso Rogo na ce wa Inna ta jira ni. Na je gindin darbejiyar na ce ya buɗe mini littafin. Ya buɗe. Ya soke Baffa da layi ɗaya, ya rubuta ɗayan a sama, har da lokacin da muka kira. Wannan kam na iya karantawa. Ya ce, "Har yanzu ba ki yarda da ni ba ko?" Na ce da kai na fara yarda, Malam, saura kamfanin naku.

Mun shiga gida bayan la'asar. Abin da na koyo shi ne, inshora ba ta san kunya ba, sunan kati kawai ta sani. Kuma a tambayi abin da ba ta biya tun kafin a tambayi abin da take biya. Ko suna cika alkawari in abin ya faru, wannan ban sani ba, kuma ba na fatan in sani a kan ɗana.

Roƙona gare ku mata 'yan'uwana, in za ku yi tafiya da ɗan fari, ku sa katinsa a jaka. Kuma don Allah, in akwai wadda masu inshorar nan suka taɓa biya mata kuɗin asibiti da gaske, ta faɗa mini.