Malami da Wuyan Hannun Baffa

Abokina Malami mutum ne da idan kana yi masa magana sai ka duba ko yana nan. Jikinsa yana gabanka, idanu a buɗe, amma hankalin ya bi wata farar saniya ya tafi can wajen Kambaza, inda rugarsu take. A ajin farko na jami'a muka haɗu, a Kalgo, muna karanta kimiyyar wasanni da motsa jiki da lafiya. Ni Faruk ɗan cikin garin Gwandu ne, kuma ba zan ɓoye ba, ƙwallo ce ta kai ni. Na zaci wuni za mu yi muna buga ta, sai ga mu da zanen ƙashi da tsoka da sunayen jijiyoyi masu karya harshe. Shi kuwa da na tambaye shi abin da ya kawo shi, cewa ya yi tun yana yaro yake mamakin yadda ƙafa take sanin hanya ba tare da an gaya mata ba. Na ce to, Allah ɗaya gari bamban.

Ɗan fari ne a gidansu, kuma a ruga wannan ba ƙaramin abu ba ne. Mahaifinsa, Malam Garba, wanda suke ce wa Baffa, bai taɓa kiran sunansa ba. "Wanga yaro" yake cewa, shi ma sai ta kama dole. Ba sa cin abinci tare, ba sa haɗa ido, gaisuwa ma daga nesa Malami yake durƙusawa ya yi ta. Ba ƙiyayya ba ce, kunyar ɗan fari ce, haka suka tarar ana yi. A bayan uban ya girma, yana bin sawunsa wajen kiwo, har ya fi sanin ƙeyarsa da fuskarsa.

Wata rana malamarmu, Malama Khadija, ta kai mu ɗakin gwaji ta ɗora mu ɗaya bayan ɗaya a kan keken nan da ake tuƙawa ba ya zuwa ko'ina. Tana ƙara masa nauyi tana tambaya yaya kake ji. Ni tun ba a je ko'ina ba na ce a sauke ni, ina da sauran amfani a duniya. Malami ya hau ya lumshe ido, da gani ya kama hanyar ruga a ransa. Gumi yana zuba, leɓensa ya bushe, amma duk tambayar da aka yi masa amsa ɗaya ce: "Lahiya lau." Sai da Malama ta kama wuyan hannunsa, ta ce ya sauka yanzu-yanzu.

"Me ya hana ka ce ka gaji?" ta tambaye shi.

"Malama, gidanmu ba a cewa an gaji."

Ajin ya fashe da dariya, ni ne ma kan gaba. Ita ba ta yi ba. Ta ce baki yana iya rufa wa jiki asiri, amma jijiya ba ta iya wannan kara ba. Ta koya mana ɗora yatsu biyu a wuyan hannu, ƙasan babban yatsa, mu saurari bugun zuciya. Ta ƙara da cewa idan mutum yana tafiyar da ya saba amma numfashi ya hana shi ƙarasa magana, to a bincika. Na waiga in tsokani Malami, sai na ga ya riga ya yi nisa.

Da la'asar, a gindin wata bishiyar bedi, ya gaya mini inda ya tafi. Baffa yana da wani kira da yake yi wa shanu, dogo, da numfashi ɗaya, yana hawa yana sauka har ya kai bakin tafki. Da shi Malami ya fara sanin safiya. Ya ce yana ƙarami ya ɗauka kiran ne yake ɗaga rana. To, a hutun da ya wuce ya ji kiran ya tsinke a tsakiya. Shanun suka ɗaga kai suna jiran sauran, sauran bai zo ba. Ga shi an kusa gama girbi, kuma Baffa ne zai kora garken zuwa fadama, tafiyar kwanaki a ƙasa.

"Ina tsoro, Faruk," ya ce. "Kar shi tahi shi faɗi inda babu kowa."

Na ce abu mai sauƙi, je ka kama hannunsa ka ji. Ya dube ni kamar na ce ya je ya mare shi.

Daga ranar babu hannun da ya tsira a Kalgo. Ya gwada nawa, ya gwada na mai shayi, ya gwada na mai gadin ɗakin karatu. A lacca sai ka gan shi riƙe da nasa, ido a rufe, yana murmushi. Ya ce mini kowace zuciya da irin takunta, wata tana sauri kamar mai tallan nono ta makara, wata tana tafiyar ƙasaita. Ta kowa ya sani, ban da guda ɗaya. Na daina yi masa dariya, tausayinsa ya kama ni.

Ran wata Asabar na raka shi ruga. Mun isa da hantsi, raɓa ba ta gama bushewa a karan gero ba. Malam Garba dogo ne siriri, ya tarbe ni da fara'a, ya sa aka kawo mini fura. Malami ya durƙusa can gefe yana kallon ƙasa. Ni uban ya tambaya abin da muke karantawa, na yi ta zuba, har na kawo zancen yatsu biyu. Na ce ko in gwada masa.

"A'a, ba a ba baƙo aiki. Ni lahiya lau nike." Ya juya yana kallon wani maraƙi. "Wanga abokin naka, shi ma ya iya?"

Na ce ya fi kowa a ajinmu. Sai dattijon ya ɗauki sandarsa.

Muka bi shi zuwa tafki, shi a gaba, mu a baya. Iska tana kaɗa ciyawa, balbelu suna tashi suna sauka a tsakanin shanu, har ni ɗan gari na ji ba na son a isa. Sai Malam Garba ya ɗaga murya. Kiran ya tashi da daɗi, ya hau, ya hau, sannan ya yanke. Shanun suka tsaya suka juyo. Ina jin numfashin dattijon daga inda nake.

Daga bayana sai na ji sauran kiran ya fito. Malami ne. Ya ɗauke shi daidai inda ya faɗi, ya kai shi har ƙarshe. Shanun suka juya suka ci gaba da tafiya.

Malam Garba ya daɗe a tsaye bai waigo ba. Can ya ce, "Faruku, ce ma wanga yaro shi zo shi riƙa min sandag ga."

Ya miƙo hannu ta gefe, fuskarsa tana wajen shanu. Malami ya matso ya kama sandar, amma uban bai saki ba. Hannun riga ya zame, wuyan hannun ya fito fili, ya bar shi a nan. Malami ya ɗora yatsu biyu a kai. Ya rufe ido yadda ya saba, sai dai wannan karon yana nan, bai tafi ko'ina ba. Hawaye suka gangaro masa.

"Faruku," in ji dattijon, "tambaye shi, mi jijiyar ta ce?"

Kafin in buɗe baki, Malami ya amsa da kansa.

"Ta ce ka gaji, Baffa. Bana ba ka zuwa fadama. Asibiti za mu, Birnin Kebbi."

Na jira faɗa. Shanu suna ta shan ruwa. Sai Malam Garba ya sakar masa sandar, ya zauna a kan ciyawa a hankali.

"Awo," ya ce. "Na gaji, Malami."